Mutanen da ke Gefen Takarda: Tafiyata Benis, Bolonya da Rum

Mahaifina magini ne, maginin ƙasa, a birnin Zazzau. Tun ban isa shiga makarantar allo ba nake bin sa wurin aiki, in zauna a kan tarin tubali ina kallon leburori suna kwaɓa ƙasa da ƙafa, wannan ya cilla tubali sama, wancan ya cafe a kan katanga. Idan gini ya kammala sai ka ji an ce gidan Alhaji wane ne. Ba a ambaton wanda ya kwaɓa, ba a ambaton wanda ya ɗebo ruwa. Ko masallacin Juma'a na Zariya da muke tinƙaho da shi, sunan Babban Gwani kaɗai ya iso gare mu. Waɗanda suka miƙa masa ƙasa da azara sun tafi da sunayensu.

Ina ɗalibin fannin gine-gine na ci karo da wani hoto a cikin wani littafi a ɗakin karatu na jami'a. Zanen fenti ne na wani mutumin Benis da ake kira Kanaleto, ya yi shi wajen shekarar 1725. Ba fada ya zana ba, ba kuma sarki ba. Wani fili ne cike da fararen duwatsu, masassaƙa sun durƙusa suna aiki, mata suna hidimar gida a kewaye da su. Na daɗe ina kallonsa, don ban taɓa ganin an ba masu aiki irin na mahaifina tsakiyar hoto ba. Na sa aka yi mini kwafinsa, na ninke na ajiye. Shekara talatin bayan haka aka gayyace ni wani taro a Benis kan yadda ake adana tsofaffin gine-gine. Na ƙara mako guda a kan kwanakin taron, na ɗauko takardar nan da ta riga ta yi jaja-jaja, na sa a aljihun jaka.

Daga Abuja muka tashi a watan Oktoba, muka yada zango a Istanbul, muka sauka filin jirgin sama na Marco Polo da la'asar. Daga nan jirgin ruwa muka shiga, domin tsohon birnin Benis ba ya karɓar mota. A kan tsibirai fiye da ɗari yake zaune a cikin wani tafki mai haɗe da teku, gadoji sama da 400 suka ɗinke shi, gidajensa kuma suna tsaye ne a kan itatuwan da aka kakkafa cikin laka tun ɗaruruwan shekaru. Duk abin da mota ke yi a garinmu, a can kwale-kwale ke yin sa. Na ga na kwasar shara, na ga na 'yan sanda, na ga na ɗaukar marasa lafiya, na ga wani da aka loda wa buhunan siminti har ruwa ya kusa kai bakinsa.

Washegari da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Na fita na nufi kasuwar Rialto tun masu yawon buɗe ido ba su farka ba. A wannan lokacin ne Benis ke nuna ainihin fuskarta. Jiragen kaya sun jeru a bakin ruwa, ana sauke akwatunan kayan miya da 'ya'yan itace, masu kifi suna shimfiɗa ƙanƙara a kan tebura. A bangon kasuwar kifi akwai wani tsohon allon dutse da aka rubuta mafi ƙarancin tsawon da kowane irin kifi zai kai kafin a halatta sayar da shi, don kada a ƙarar da 'ya'yan kifi. Sunayen lunguna ma labarin sana'a suke bayarwa. Akwai Calle dei Fabbri, wato lungun maƙera; akwai Calle dei Botteri, na masu haɗa ganga; akwai Frezzeria, inda aka yi ta ƙera kibau; akwai Riva del Carbon, gaɓar da ake sauke gawayi. Wanda ya san Dukawa da Soron Ɗinki a Kano ba zai ji baƙon abu ba.

Da hantsi na kama hanyar filin da na zo dominsa. Campo San Vidal ake ce masa, yana bakin Babbar Hanyar Ruwa da ta ratsa birnin. Na tsaya daidai inda nake zaton mai zanen ya tsaya, na warware takardata.

A cikin zanen, a hannun hagu, wani yaro ya yi tuntuɓe ya faɗi da baya, har fitsari ya kuɓuce masa don firgita. Uwarsa ta jingine tsintsiya ta rugo da hannuwa a buɗe. Wata mata a saman bene ta leƙo ta ga abin da ya faru. Zakara yana tsaye a bakin taga. A tsakiya masassaƙa ne da guduma da ƙarfen sassaƙa, suna fama da farin dutsen nan na Istiriya da ake kawowa ta jirgin ruwa daga ƙetaren tekun Adiriyatik, dutsen da gishirin teku ba ya cinsa da wuri. An kafa musu rumfar katako ta wucin gadi, kuma ana kyautata zaton aikin sake gina cocin San Vidal ne ya tara su a wurin. Kusa da rumfar wata mata ta sunkuya tana jan ruwa a rijiya. A hannun dama, can sama, wata tana zaune tana kaɗi da mazari, kamar yadda kakata take yi a bakin ɗakinta. An shanya wanki a tagogi. A kan ruwa kuma masu fito suna jiran fasinja. Bangon gidajen ya yi dabbare-dabbare, shafen ya ɓantale, tubalin ya fito fili, mai zanen bai rufa masa asiri ba.

Na ɗaga kai na dubi filin na yau. Duwatsu babu, rumfa babu. Inda masu fito suke tsayawa, yanzu gadar Accademia ce ta katako. An fara kafa ta ƙarfe a 1854, aka maye gurbinta da ta katako wajen 1933. Doguwar hasumiyar cocin Carità da ke tsallaken ruwa a cikin zanen ta rushe tun 1744, cocin kansa ya zama ɓangaren gidan adana zane-zane na Accademia. Amma tsarin filin yana nan, faɗin ruwan yana nan, har yanayin hasken da ke faɗowa a kan bango na gane shi. Ainihin zanen kuwa ba ya Italiya. Yana Landan, a gidan adana zane-zane na ƙasa, tun ƙarni na 19.

Wannan shi ne abu na farko da ya ba ni mamaki a Benis: garin da ya haifi Kanaleto ba shi da ayyukansa sai kaɗan. Sunansa na yanka Giovanni Antonio Canal, an haife shi a 1697, ya rasu a 1768. Mahaifinsa mai zana labulen dandalin wasan kwaikwayo ne, a hannunsa ya koyi yadda ake sa bango ya yi zurfi a ido. A zamanin, 'ya'yan manyan Ingila sukan yi doguwar tafiya zuwa Italiya don kammala tarbiyya, kuma kowa yana son ya koma gida da hoton Benis, kamar yadda alhaji ke komawa da tsaraba. Wani ɗan kasuwa Bature mazaunin birnin, Joseph Smith, wanda ya zama ƙaramin jakadan Birtaniya a 1744, shi ya zama dillalinsa. A 1762 Smith ya sayar wa Sarki George na Uku tarin da ya mallaka, shi ya sa har yau zane-zanen alƙalami na Kanaleto sama da 140 suke hannun gidan sarautar Ingila. Masu sayen nan fada suke so, da dandalin San Marco, da ranar biki. Da kasuwa ta buɗe masa, mutanen da ke cikin hotunansa suka riƙa ƙanƙancewa, fuska ta koma ɗigo biyu na fenti. Filin masassaƙan aikin ƙuruciya ne, tun kafin odar baƙi ta yi masa yawa, kuma masana da dama suna ganin wani ɗan gari aka yi wa shi.

Duk da haka, ko a hotunan da ya yi wa baƙi bai kori ma'aikata ba. A gidan tarihi na Ca' Rezzonico na tsaya gaban zanensa na Rio dei Mendicanti, wato mashigin ruwan mabarata. Wanki ne a shanye a saman rufi, ga wurin gyaran kwale-kwale a bakin ruwa, ga masu tuƙi sun tanƙwara baya. Akwai kuma wani zanensa na alƙalami da na gani a littafi: a watan Afrilu na 1745 aradu ta faɗa wa hasumiyar San Marco ta tsaga gefenta, sai ya zana ta ana cikin gyara, magina suna reto a wani dandamali da aka rataya da igiya can sama. Wani mai zanen da sai ya jira a gama gyara. Shi kuwa aikin ne ya ja idonsa.

A rana ta uku wani abokin aiki ɗan Italiya, malamin gine-gine da muka haɗu a taron, ya kai ni na ga kwafin littafin zayyanar Kanaleto. Na asalin yana gidan Accademia, amma ba kullum ake fito da shi ba, domin haske yana cin tsohuwar takarda. Ƙaramin littafi ne da za ka riƙe a hannu ɗaya. Shafi bayan shafi ya bi gaɓar ruwa yana zana gidaje a jere, idan takarda ta ƙare ya juya ya ci gaba daga inda ya tsaya. A jikin gidajen ya yi 'yan rubuce-rubuce don tunatar da kansa: launin bango, sunan gida, irin shagon da ke ƙasa. Na tuna yadda mahaifina yake auna fili da taku, ya riƙe lissafin a ka. Wannan ma ma'aikaci ne da ya fita da kayan aikinsa tun da safe.

A gidan tarihi na Correr, a dandalin San Marco, akwai wani akwatin katako mai gilashi da aka rubuta sunan A. Canal a jikinsa. Haske yana shiga ta gilashin, surar abin da ke waje ta faɗo a kan wani faranti, mai zane ya bi ta da alƙalami. Kakan kyamara ke nan. Masana sun yi saɓani kan yawan amfanin da ya yi da shi. Binciken da aka yi wa zane-zanensa da ke Ingila a 2017 ya nuna layukan fensir da ya ja da rula a ƙarƙashin tawada. Ni dai abin da na lura shi ne, ko da akwatin ya taimaka masa wajen gini, ba zai taimaka masa wajen mutum ba. Gini yana tsayawa a zana shi, mai tuƙin kwale-kwale ba ya tsayawa. Duk ɗan dakon da ke cikin hotunansa, sai da ya zuba masa ido ya riƙe yadda yake ɗaga kaya, sannan ya sa shi a takarda.

A ɗakin karatu na wannan gidan ne na sadu da mutumin da ya fi taɓa zuciyata, wato Gaetano Zompini, wanda ya rayu daga 1700 zuwa 1778. Shi bai yi sunan Kanaleto ba, bai kuma yi arziki ba. A 1753 ya fara fitar da wani littafi kan sana'o'in da ke yawo a titunan Benis, ya kai hotuna 60, kowanne da 'yan baitoci a ƙasa cikin karin harshen garin, kamar mai sana'ar ne ke magana da bakinsa. A nan gini ya ja baya, mutum ya cika shafi. Wata dattijuwa ma'aikaciyar ɗakin ta riƙa buɗe mini a hankali. Ga mai sharar bututun hayaƙi. Ga mai washin wuƙa da dutsensa na juyawa. Ga mai liƙin tukwane. Ga mai yashe kwata. Ga mai tallan tawada da maganin ɓera a tare. Ga wanda suke kira codega, mai riƙe fitila da dare, ka biya shi ya raka ka gida ta cikin lungunan da duhu ya rufe, don kada ka afka ruwa ko hannun ɓarawo.

Da muka zo kan masu ruwa sai na roƙe ta ta dakata. Sanda ce lanƙwasasshiya a kafaɗa, bokiti ɗaya a gaba ɗaya a baya. Sandar bigolo ake ce mata, masu ɗaukarta kuma bigolanti, yawancinsu mata ne da suka gangaro daga ƙauyukan Friuli neman abin kai. Na ce mata mu ma muna da su, ga-ruwa muke kiransu, sanda ce da garwa biyu, kuma su ma akasari 'yan cirani ne. Ta tambaye ni ko har yanzu suna nan. Na ce suna nan, sai dai da yawa sun koma tura kura da jarkoki.

Benis gari ne da ke cikin ruwa amma yake fama da ƙishirwa, domin ruwan da ya kewaye shi na gishiri ne. Rijiyoyin da ke tsakiyar kowane fili ba su kai ga idon ruwa ba. Tarkon ruwan sama ne. Akan haƙa babban rami, a shafe shi da yumɓu, a cika da yashi, a gina bututun tubali a tsakiya. Ruwan sama ya shiga ta ramukan dutse da ke daɓen filin, yashi ya tace shi, ya taru a bututun. Ƙidayar da aka yi a 1858 ta samu irin waɗannan rijiyoyi fiye da 6,000. Na jama'a akan buɗe su ne a ƙayyadadden lokaci, idan fari ya yi kuma a kawo ruwa cikin jirage daga wajen kogin Brenta a zuba musu. Ruwan famfo bai iso birnin ba sai 1884. Daga nan aka rufe bakin rijiyoyin da murfin ƙarfe, sana'ar bigolanti ta mutu. Ba don irin su Zompini ba, da ko yadda suke saɓa sandar ba mu sani ba.

Kafin in fita, dattijuwar ta ɗaga wata tsohuwar takarda ta saita ta da hasken taga, ta nuna mini tambarin da ke ɓoye a cikinta: jinjirin wata guda uku a jere. Gabana ya faɗi, domin na san tambarin. Na gan shi a littattafan kakana na rubutun hannu. Masana'antun takarda na yankin Benis ne suke yin ta, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus su ratso Sahara. Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851. Ashe malamanmu da masu zanen Benis daga rijiya ɗaya suka sha.

Da yammacin ranar ina tsallaka wata gada sai na ji Hausa a bayana. Wani saurayi ne yake waya, ya tokare amalanke da gwiwa. Amalanken Benis daban ne, suna da 'yan ƙananan tayoyi a gaba don hawa matakala. An loda masa katan-katan na ruwan roba. Da ya kashe wayar na ce, "Sannu da aiki, samari."

Ya juyo da sauri. "Baba! Daga ina?"

Na ce daga Zariya. Ya ce shi ɗan zangon Kumasi ne, shekararsa shida a Italiya. Ba a cikin birnin yake kwana ba, don haya ta fi ƙarfin mai aiki irin nasa. Daga garin Mestre da ke kusa yake shigowa kullum da jirgin ƙasa kafin gari ya waye. Daga inda jirgin kaya ke sauke masa zuwa otal ɗin da yake kai wa, gada biyar ce, kuma yakan yi sawu fiye da goma. Muka zauna a kan matakala, na nuna masa hotunan Zompini da na ɗauka a waya, na kuma warware masa takardar filin masassaƙa. Ya daɗe yana dubawa, yana jan hoton da yatsa biyu.

"Baba, wanda ya yi wannan bai ce su matsa ba ke nan?"

Na ce ban gane ba.

"Ai kullum sai an ce mini in matsa. In na tsaya hutawa a kan gada, sai mai kyamara ya yi mini alama da hannu in ja kayana gefe, zai ɗauki hoto. Ba sa son amalanke ya fito."

Ban sami abin ce masa ba sai addu'a. Na ce Allah ya yi wa nema albarka, ya mai da shi gida lafiya. Ya ce amin, ya kama hannayen amalanken, ya jingina ƙananan tayoyin a matakala ta gaba, ya danna da ƙirji. Na tsaya har ya ɓace a kwana. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai wajen 175,000. A 2022 sun gaza 50,000. Masu aikin da ke riƙe da garin yau, da yawansu ba sa kwana a cikinsa, ba sa kuma fitowa a hotunansa.

Daga Benis na shiga jirgin ƙasa zuwa Bolonya, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Kwana ɗaya na yi, na yawata a ƙarƙashin barandojin nan nata masu ginshiƙai da suka bi tituna na kusan kilomita 40, inda ruwan sama ba ya taɓa mai tafiya. Na je ne don Annibale Carracci, wanda aka haifa a 1560 ya rasu a 1609. Ɗan tela ne, baffansa kuma mahauci, kuma bai ji kunyar zana rumfar mahauta da naman a rataye ba. Shi ya zana masu talla da 'yan dako na garinsu ɗaya bayan ɗaya. Bayan rasuwarsa aka buga guda 80 a Rum a 1646, kuma wannan littafi ne ya share wa irin su Zompini hanya. A tsohuwar kasuwar garin har yanzu akwai titin masu kifi, da na masu yadi, da na maƙeran zinariya, kuma a na masu kifin har yau kifi ake sayarwa.

Rum ce zangona na ƙarshe. A bayan shahararriyar maɓuɓɓugar ruwan Trevi, inda jama'a ke cincirindo suna jefa kwabbai, akwai cibiyar da ke ajiye farantan jan ƙarfe na Giovanni Battista Piranesi, wanda ya rayu daga 1720 zuwa 1778. Yadda ake aikin shi ne a shafe farantin da wani abu mai kama da kaki, a zana da allura, a tsoma cikin asid ya ci inda allura ta bi, sannan a shafa tawada a danna a takarda. Da haka ya fitar da hotunan Rum guda 135. Piranesi kango yake ƙauna. Yakan kumbura ginin ya kai sama, ya mai da mutane 'yan mitsi-mitsi cikin tsumma, suna nuni da hannu. Ya sa su ne don ka ji girman dutse. Amma ko a haka sun faɗi gaskiyar zamaninsu. Dandalin da sarakunan Rum na dā suka yi mulkin duniya daga cikinsa, a lokacin Piranesi ƙasa ta binne shi har wuyan ginshiƙai, sunansa ma ya koma Campo Vaccino, filin shanu. Kara ce sosai, ga shanu a kwance, ga amalanken shanu, ga makiyaya a gindin ginshiƙan da yau ake biyan kuɗi a gani.

Malaminsa na ɗan lokaci, Giuseppe Vasi, ya fi shi sanyin hannu. Tsakanin 1747 da 1761 ya fitar da littattafai 10 na hotunan birnin, da 'yan kasuwarsa da masu wankinsa. Dukansu biyu sun zana tashar jiragen ruwa ta Ripetta a bakin kogin Tiber, wadda aka gina a 1704, har da duwatsun da girgizar ƙasa ta 1703 ta zubo daga tsohon filin wasa na Kolosiyam. Nan ake sauke itacen girki da gangunan mai da na inabi daga ƙauyukan da ke saman kogi. Na je neman wurin da hoton a hannu. Babu shi. Bayan ambaliyar 1870 aka yanke shawarar gina dogayen katangu a gaɓar kogin, tashar ta tafi a cikin aikin. Gada ce a wurin yanzu, motoci suna wucewa, sai wata 'yar maɓuɓɓugar ruwa da aka matsar gefe. Matakalan da 'yan dako suka hau suka sauka kusan shekara 200, a takarda kawai suka rage.

A jirgin dawowa na yi ta juya abin a raina. Waɗannan masu zane ba waliyyai ba ne. Neman abinci suke, kuma sau da yawa sun sa talaka a hoto ne don ya ƙawata fadar mai kuɗi. Amma sun dube shi, sun lura da yadda yake riƙe guduma, yadda take saɓa sanda, kuma ba su ce ya matsa ba. Shekara 300 ta wuce, fadojin sun zama otal da gidan tarihi, masu su an manta da yawancinsu, matar da ke kaɗi a bene kuwa tana nan tana kaɗinta.

Barth ya hau Dutsen Dala a 1851 ya zana Kano, kuma har yau muna komawa ga wannan hoton don na irinsa ba su da yawa. Mu yanzu kowa da kyamara a aljihu, amma me muke ɗauka? Biki, da hawan salla, da sabon gida. Marinan Ƙofar Mata suna raguwa, maginan ƙasa irin mahaifina sun kusa ƙarewa, masaƙa da dukawa da masu kaɗi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga ɗalibanmu na zane da na gine-gine, da duk mai waya a hannu: ku fita da sassafe, ku nemi izinin mai sana'a, ku zana shi ko ku ɗauke shi yana cikin aikinsa, ku rubuta sunansa da unguwarsa da shekarar a ƙasa. Ni ban mallaki hoton mahaifina ko ɗaya yana kan katanga ba, kuma damar ta wuce. Kada ku bari taku ta wuce.